Girbin Ƙarshe a Lambun Mbah Tumirah

Da an sallame Asuba a ƙauyenmu, maza kan fito daga masallaci kowa ya ƙudundune cikin zanensa, ana sauri a isa gaban kaskon gawayi tun yatsu ba su ƙage ba. A daidai lokacin ne Mbah Tumirah, wato Kaka Tumirah a yarenmu, take barin nata kaskon. Takan kurɓi shayi mai zafi, ta ɗora tsohuwar rigar sanyin mijinta marigayi a kan tata, ta buɗe ƙofar bayan madafa ta shiga lambu. Gajimare yana kwance a kan tsaunukan Dieng har ƙasa, mutum ba ya hango rufin maƙwabcinsa, amma ita ko an rufe mata ido ta san inda kowace kunya take.

Lambun ba wani babba ba ne. In aka shimfiɗa tabarmin masallacinmu za su rufe shi har a samu ragowa. Akwai albasa mai lawashi a gefe da 'yan barkono, amma sarautar wurin ta wake ce, wannan wake mai faɗi kamar farcen babban yatsa, mai tsayuwa da ƙafarsa har ya kai ƙirjin mutum, wanda ba ya yi sai inda sanyi yake. Takan bi layi a hankali, ta ɗaga ganye ta leƙa ƙarƙashinsa, ta ɗaure igiyar da iska ta sassauta, ta matsa kwanso ta ji ko ƙwayar ta cika. In ta ga tururuwa na hawa da sauka a jikin kara, ta san baƙaƙen ƙwari sun sauka a toho. Sai ta tsinke kan ta jefa a kwando, tana yi musu faɗa kamar jikokin da suka shigo mata ɗaki da taɓo.

Shekarunta sun haura saba'in yanzu, kuma girbin da aka gama kwanan nan shi ne na ƙarshe da za ta yi a nan. Likita ya ce ƙirjinta ba zai ƙara ɗaukar sanyin tsauni ba. 'Yarta Sumini za ta sauka da ita Semarang, can bakin teku, inda zafi ba ya barin wannan wake ko fure ya yi. Shi ya sa na ga bai kamata ta sauka ba sai an faɗi abin da ta yi mana, tana raye, da kunnenta.

Manya sun san lokacin da dankalin turawa ya shigo mana. Cikin shekaru kaɗan aka tuge masara, aka tuge taba, aka sare itatuwa, aka hau tsauni da fartanya har inda akuya ma sai ta yi shawara. Wake kuwa aka bar shi a gefen gona, sannan aka manta da shi. Mijinta, Mbah Karto, Allah ya jiƙansa, ya zo mata da maganar filin bayan ɗaki.

"Tum, wurin nan fa zai ɗauki dankali mai kyau."

"Ka sa dankali a gona, ka sa a kan tudu, in ka ga dama ka sa a cikin hularka. Nan dai a'a."

"To me waken yake ba ki?"

"Abin da kake ci jiya kana lumshe ido."

Bai ƙara tayar da zancen ba. Irin na mahaifiyarta ne, ta zo da shi ɗaure a bakin zani ranar da aka kawo ta gidan, kuma tun daga ranar ba a taɓa yin shekarar da bai shiga ƙasa ba.

Ta sha tsiya a kansa. Mutanen ƙasan tsauni waken alade suke kiransa, ban san wanda ya raɗa masa ba, kuma maƙwabcinta Kang Mukri, sa'an mijinta, ba ya wucewa ta bakin shinge bai tsokane ta ba.

"Tum, yaya aladun naki suka kwana?"

"Lafiya lau. Suna cigiyar wanda ya cinye musu kwalba guda ta soyayyen wake ranar Salla."

Haka suka yi ta yi har Allah ya kira shi Makka. Da ya dawo ya zama Kaji, wato Alhaji, ana ta shiga yi masa barka, sai ga shi da kansa a bakin shingenta, da farar hula, murya ƙasa-ƙasa.

"Tum, wallahi a ƙasa mai tsarki da waken nan ake karya kumallo. Dafaffe, a zuba mai, a ci da burodi. Kullum."

"To, Kaji, ka gaya musu sunan da kake kiransa?"

"Na yi shiru."

"Ka kyauta. Ka ci gaba."

Wanda duk ya zo neman iri tana ba shi, cike da tafi biyu, ba ta karɓar komai. Sharaɗinta ɗaya ne: in ya yi fure a zo a gaya mata. Mutane suna ɗauka wasa ne, har sai sun ga tsohuwa a ƙofar gidansu tana tambayar dalilin da ya sa ba ta ji labari ba. Ta haka ta san amaryar da aka kawo daga nesa take kuka a madafa, ta san dattijon da ya daina hura wuta tun da matarsa ta rasu. Furen wake take zuwa dubawa, in ji ta.

Amma abin da ya sa sunanta ba zai fita daga bakinmu ba, shi ne abin da ya faru tsakaninta da Warsiti. Yu Painem, goggon Warsiti, ta ga komai daga tagar madafarta, kuma ita ta ba ni labarin, da yardar mai shi.

A wata damina mai yawan ruwa, gefen tsauni ya zafto a kan unguwar da ke ƙasa da mu, da rana tsaka bayan Azahar. Gidaje da yawa sun tafi. Cikin waɗanda suka tsira akwai Warsiti, matashiya, wadda ta fita sayen gishiri ta bar mijinta da ƙaramar 'yarsu Ndari a ɗaki. Washegari aka tono gawar mijin. Yarinyar kuwa ba a same ta ba har masu tono suka haƙura suka tattara shebur.

Yu Painem ta ɗauko Warsiti ta kawo gidanta, wanda shinge kawai ya raba shi da lambun Mbah. Warsiti ba ta kuka, ba ta magana. In an sa mata abinci a hannu ta ci, in an manta ta wuni haka. Takan zauna a benci a ƙarƙashin rufi, idonta a buɗe amma ba ta kallon komai. Mata suka yi ta zuwa suna ba ta haƙuri, malamai suka yi addu'a, ba ta ɗaga kai ba. Akwai kuma abin da ya fi tayar wa goggonta hankali: ba ta taka ƙasa. Daga siminti sai dutse. In taɓo ya taɓa mata ƙafa, sai ta zauna tana dirza da ruwan sanyi har fatar ta yi ja.

Mbah ta je ta'aziyya sau ɗaya, ta zauna kusa da ita, ta tashi ba ta ce komai ba. Har wasu suka ce tsohuwar ba ta iya gaisuwar mutuwa ba. Da ruwa ya ja baya ta jiƙa irinta ta shuka kamar kullum. Ya tsiro, ya kai gwiwa, lokacin kafa masa gora ya yi, don iskar tsauni ba ta barin kara mai tsayi ya tsaya shi kaɗai. Ran nan ta kakkafa gorar, ta ɗauko igiya, ta juya wajen benci.

"Nduk, 'yar nan, hannuna biyu ne kacal, igiyar nan kuwa uku take so. Zo ki riƙe mini."

Warsiti ba ta motsa ba. Mbah ba ta sake kira ba, ba ta kuma sauke hannu ba. Ta tsaya da bakin igiya a miƙe. Yu Painem ta ce tana kallo har hannun tsohuwar ya gaji, har ita kanta ta yi niyyar fita ta karɓa. Sai ta ga Warsiti ta miƙe. Ta bi ta kan duwatsun da aka jera, ta zo bakin lambu, ta tsaya cak inda dutse ya ƙare. Ta miƙa hannu daga nan ta kama igiyar. Mbah ta dubi ƙafafunta, ta dubi ƙasar, ta ci gaba da ɗauri.

Washegari da safe akwai tsofaffin katakai shimfiɗe a tsakanin kunyoyi, daga bakin shinge har ƙarshen lambu. Katakan gadon marigayi Mbah Karto ne, ita kaɗai ta jawo su.

"Gwiwoyina ne ba sa son laima," ta ce wa Yu Painem da ta tambaya, da ƙarfi yadda za a ji daga benci.

Daga ranar Warsiti ta fara shiga lambu, a kan katako. Mbah ba ta taɓa ba ta aikin da zai kai hannunta ƙasa ba. Ciyawa da gyaran kunya nata ne, ita da gwiwoyin da ba sa son laima. Na Warsiti shi ne ɗaurin igiya, da yayyafa ruwan toka, da tsinke toho. Tsohuwar kuwa bakinta ba ya hutawa. Ta ba ta labarin munsharin mijinta, da shekarar da akuyar Kaji ta shigo ta yi ɓarna, da yadda ake gane lokacin tsinke kai.

"Sai kin ga kwanson ƙasa ya kai tsawon ƙaramin yatsa. In kika tsinke kafin nan kin cuce shi, in kika bari ƙwari su riga ki. Kuma kar ki zubar, da tafarnuwa za mu soya. Kaji yana cewa abincin akuya ne, amma ki duba bakinsa in na aika musu."

Ba ta taɓa yi mata tambaya ba, ba ta kuma jiran amsa. Fure ya fito, fari da ɗigon baƙi, ƙamshinsa ya cika bayan gidajen, ƙudan zuma suka yi ta zirga-zirga. Warsiti tana nan yadda take, sai dai yanzu ba a kiranta, da kanta take fitowa. Yu Painem ta tare Mbah a hanyar famfo.

"Mbah, kina ganin za ta dawo daidai?"

"Ban sani ba, Nem. Na dai san tana zuwa."

Sai rani ya yi tsakiya. Sama ta washe tas, iska ta ɗauke, manya suka fara duban juna, don mun san abin da ke biyo bayan irin wannan shiru. Raɓa mai dafi ta sauka. Da gari ya waye filaye sun yi fari fat da ƙanƙara, masu dankali suna tsaye a bakin gonakinsu hannu a ka. A lambun Mbah wake duk ya sunkuya, ganyen ya yi duhu kamar an watsa masa tafasasshen ruwa, wasu karan sun kwanta a kan igiya.

Ranar tari ya tsare Mbah a ɗaki, Warsiti ce ta fara fitowa. Yu Painem tana hura gawayi ta ji ƙara, irin wadda ba ta taɓa ji daga bakin mutum ba. Ta leƙa ta taga. Warsiti ta sauka daga kan katako, ta durƙusa a cikin ƙasa, tana tono da hannu biyu tana tura wa gindin kara, tana ɗaga wannan ya faɗi, ta koma wancan.

"Tashi! Ku tashi mana! Tashi!"

Mbah ta fito ko ɗankwali babu. Ba ta ja ta ba. Ta durƙusa kusa da ita a kan ƙanƙarar, ta kama hannayen nan da suka yi baƙi da ƙasa, ta riƙe su a cikin nata.

"Nduk, bari. In kika taɓa su yanzu karyewa za su yi. Sai rana ta fito."

Warsiti tana haki. Can sai muryarta ta fito, a dishe, muryar da ba a ji ba tun damina.

"Ta ce za ta bi ni, Mbah. Har ta sa takalmi ƙafa ɗaya. Na ce ta zauna, ruwa ake yi. Ni na ce ta zauna."

Yu Painem ta ce ta toshe bakinta da zani, tana jiran ta ji tsohuwar ta ce a yi haƙuri, kamar yadda kowa ya yi ta faɗa. Ba ta ce ba.

"Da ni ce, ni ma cewa zan yi ta zauna. Kowace uwa a tsaunin nan haka za ta ce. Ruwa ake yi, Nduk. Kin hana ta jiƙewa ne."

Nan kukan ya ɓalle. Mbah ta buɗe rigar sanyin mijinta ta rufe su su biyu, ta bar ta ta yi mai isarta. Da ya lafa sai tsohuwar ta ce:

"Ni ban san ta ba. Faɗa mini ita."

Warsiti ta faɗa. Ndari tana da wushirya. Tana tsoron kaza amma ba ta tsoron kare. Ba ta yarda a tsefe mata kai sai babanta ya riƙe mata hannu. In aka ba ta shayi sai ta hura wa kowa nasa kafin ta sha nata. Suna zaune a ƙasa, ƙanƙara na narkewa a jikin zannuwansu, tana faɗa tsohuwar na tambaya, har rana ta leƙo ta kan tsauni. Yu Painem ta kai musu shayi ta ajiye a kan katako ta koma, ba wanda ya kula ta.

Kafin hantsi yawancin waken ya ɗago kai. Furen sama ya zube, amma kwanson ƙasa bai ji komai ba. Layin da ke bakin shinge, inda sanyi ya fi kwanciya, bai tashi ba. Warsiti ta tsaya a kansa.

"Waɗannan fa, Mbah?"

"Waɗannan sun tafi. Ba zan yi miki ƙarya ba. Za mu yanke su daga gindi mu bar saiwar a ciki, tana ƙara wa ƙasa ƙarfi."

Warsiti ta karɓi wuƙar daga hannunta ta yanke su da kanta.

Tare suka yi girbin shekarar, daga ƙasan kara zuwa sama, kamar yadda yake nuna. Ɗanyen suka ɓare suka dafa da ruwan kwakwa da barkono, aka ci da tsakin masara da muke dafawa kamar shinkafa. Sauran suka bari a jiki har kwanson ya yi baƙi ya bushe, suka sussuke, suka ware manyan ƙwayoyi don iri. Wanda ya rage aka jiƙa, aka tsaga bakin kowace ƙwaya, aka soya da tafarnuwa da gishiri. Kaskon farko Warsiti ta ƙona shi ƙurmus.

"Madalla," in ji Mbah. "Dama gawayinmu ya kusa ƙarewa."

Yu Painem ta rantse ranar ta ji dariyar 'yar ɗan'uwanta, gajeruwa, kamar ta kuɓuce mata ne. Da lokacin shuka ya zagayo, Warsiti ce ta huda ƙasa da yatsanta ta saka irin. Yau tana da lambunta, ta sake aure, ta haihu, kuma soyayyen wakenta har birnin Wonosobo ake kai shi. Ba ta warke ba, ita ma ba ta cewa ta warke. Amma tana ambaton sunan Ndari a gaban mutane, tana ba ƙanen yarinyar labarinta.

Mbah Tumirah, ke ce wadda ba ta iya gaisuwar mutuwa ba, in ji masu faɗa. Ke ce kika kwance gadon mijinki kika shimfiɗa wa 'yar wani hanya, sannan kika ɗora laifin a kan gwiwoyinki. Mu duka mun je mun gaya wa Warsiti abin da ya kamata ta yi da baƙin cikinta. Ke kaɗai kika tambaye ta wace ce 'yarta. Uwar lambu, mai haƙurin jiran fure, ba ki taɓa karɓar godiya ba tare da kin mayar da ita wasa ba. Yau dai sai kin zauna kin ji.

Da maganar tafiyarta ta tabbata, sai maganar filin ta taso. Ɗanta Sarmin shi ke zaune a gidan da iyalinsa. Dankali ya daina yi masa kamar da, ƙasar gonar ta gaji, ga yara a makaranta. Baƙi kuwa suna ta hawowa kallon fitowar rana, duk wanda ke da ɗakin haya yana samu. Ya daɗe yana zagaye zancen. Wata safiya suna gaban kasko ya ɗauko shi, kansa a ƙasa.

"Mak, in kin tafi... filin bayan nan... ina tunanin ɗakunan baƙi. Amma in ba ki so, wallahi a bar shi."

Matarsa ta daina motsa tukunya. Duk ƙauyen nan an san amsar da ubansa ya samu. Mbah ta daɗe tana juya gawayi.

"Wa zai kula da shi in an bari? Kai da ba ka san kan wake daga gindinsa ba?"

"Zan koya, Mak."

"Ƙarya kake, Min. Za ka bar shi ciyawa ta cinye, kana jin nauyina, yara suna jin yunwa. Ubanka so ya yi ya ƙara a kan abin da yake da shi. Kai nema kake. Yi gininka. Abu ɗaya na roƙe ka, ka bari in girbe."

Sarmin ya ce ya fita bayan gida ya yi kuka kamar yaro. Ita kuwa ba ta ƙara tayar da maganar ba, sai dai masu wucewa sun lura ta fi daɗewa a lambu, wani lokaci tana tsaye kawai riƙe da gora, ba aikin da take yi.

Aka yi girbin, ya yi kyau. Ta ware irin kaf ta rarraba, ko tafi ɗaya ba ta ajiye wa kanta ba. Sumini ta ce ta tafi da kaɗan ko don tunawa, Mbah ta ce iri ba abin ajiya a kwalba ba ne, ba za ta kai shi inda zai mutu ba.

Ana gobe magina za su zo auna fili, sai ga Warsiti da safe da kwando a baya da fartanya, mata na biye da ita, kowace da nata kwandon. Mbah ta fito bakin madafa.

"Lafiya? Wake ya ƙare, na rabar."

"Ba wake muka zo nema ba, Mbah. Ƙasar muka zo ɗauka. Tun ina ciki kike ciyar da ita, ba za a zuba mata siminti muna kallo ba."

Tsohuwar ta bi kwandunan da kallo. Ta nemi kujera ta zauna. Suka kankare baƙar ƙasar nan ta sama, mai laushi kamar gari, cike da tsofaffin saiwoyi, suka yi ta jigila zuwa bayan gidajensu. Sarmin ya tuɓe riga ya shiga ɗauka, shi ya kai wa waɗanda ba su da ƙarfi. Kaji Mukri ya zo da sandarsa da ƙaramin bokiti, ya ce shi ma a zuba masa.

"Kaji, kiwon alade za ka fara?"

"Tsufa ne, Tum. Mutum yakan shiryu."

Aka yi dariya, har da masu share hawaye. Kafin Azahar lambun ya koma fili, ƙasarsa ta watsu a ƙauye.

Mun gode, Mbah. Mun gode da irin, da soyayyen wake na ranar Salla, da ƙafar da kika yi ta takawa zuwa ƙofofinmu da sunan duba fure. Allah ya sassauta miki ƙirji, ya sa zafin ƙasa ya karɓe ki, ya saka miki da abin da mu ba za mu iya ba. Mu kuma da muka rage, kowa ya san gidan da ke kusa da shi da aka yi shiru a ciki. Ba sai mutum ya iya magana ba. Ya nemi ɗan aikin da zai ce ba ya iyawa shi kaɗai, ya je ya ƙwanƙwasa, in ba a buɗe ba ya koma gobe.

Motar Sumini za ta hawo ranar Lahadi. Shekaranjiya ina gidan suka yi waya, tana shirya wa mahaifiyarta zuciya.

"Mak, gidan fa ba fili. Duk siminti ne, sai ɗan lungu a gefen katanga. Hutawa za ki zo yi."

"Na ji. Wane wake ne yake yi a zafin naku?"

"Mak!"

"Tambaya na yi."

"Dogon nan mai hawa sanda yana yi."

"To wa ke zaune a bayan katangar?"

"Wani dattijo ne, tsohon direba. Matarsa ta rasu bara, ba ya ko fitowa."

Mbah Tumirah ta gyara zaman rigar sanyinta.

"Ki nemo mini irin waken da tsofaffin bokitai kafin in iso," ta ce. "Masu yawa."